Arch Ward (1896–1955): Editan Wasanni da Ya Mai da Filin Wasa Asusun Mabukata

A wannan shafi mun saba kawo muku tarihin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kuma galibinsu bishop-bishop ne, ko firistoci, ko sistoci, ko katikis da suka ƙare ransu a bakin aikin bishara. A wannan karo mun juya ga wani mai bi wanda bai taɓa hawa bagade ya yi wa'azi ba. Ɗan jarida ne, magidanci, wanda ya yi shekara 25 yana riƙe da shafin wasanni na wata babbar jarida a ƙasar Amurka. Sunansa Arch Ward.

Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa jama'ar Ikilisiya da labarin ƙwallo da dambe? Dalilin shi ne, wannan mutum ya sami kansa a kujerar da ake iya tara suna da dukiya, a zamanin da yunwa ta shiga gidajen miliyoyin mutane, ya kuwa shirya al'amura ta yadda kuɗin da 'yan kallo suke biya a ƙofar fili zai kai ga tsofaffi da marasa galihu. Yana da nasa rauni, kuma za mu faɗe shi a inda ya kamata.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Archie Burdette Ward ranar 27 ga Disamba, 1896, kwana biyu bayan Kirsimeti, a wani ƙaramin ƙauye mai suna Irwin a jihar Illinois, kudu da birnin Shikago. Iyalinsa Katolika ne, masu ƙaramin ƙarfi. Tun yana yaro ya rasa mahaifinsa, ya kuwa tashi a jihar Iowa da ke maƙwabtaka, ƙasar manoman masara, inda ya ɗanɗana irin zaman da yaro yake yi in babu uba a gida.

Karatunsa ya kai shi Dubuque, wani gari a bakin kogin Mississippi. A can akwai makarantar Katolika da Bishop Mathias Loras, mutumin Faransa kuma bishop na farko na wannan dayosis, ya kafa a 1839. Ita ce aka sa wa sunan Kwalejin Loras a 1939. Firistoci ne suke koyarwa a cikinta, kuma a hannunsu yaron ya sami tarbiyya da ilimi. A nan ne aka fara ganin inda zuciyarsa ta karkata. Sauran samari suna cikin fili suna gudu da tsalle, shi kuwa yana gefe da alƙalami da takarda yana rubuta wanda ya ci da wanda aka ci. Kafin ya bar garin ya riga ya fara rubuta labaran wasanni a jaridar Telegraph Herald ta Dubuque.

A Jami'ar Notre Dame

A 1919 ya tafi Jami'ar Notre Dame da ke kusa da garin South Bend a jihar Indiana. Sunan jami'ar da Faransanci yana nufin Uwargijiyarmu, wato Budurwa Maryamu. Fada Edward Sorin na Ƙungiyar Giciye Mai Tsarki ne ya kafa ta a 1842. Lokacin da Ward ya isa, ƙaramar makaranta ce idan aka gwada ta da manyan jami'o'in ƙasar, kuma yawancin ɗalibanta 'ya'yan baƙi ne da suka yi ƙaura daga Ailan, Jamus, Italiya da Folan.

A can ya gamu da Knute Rockne, haifaffen ƙasar Norwe, wanda ya karɓi aikin horar da 'yan wasan jami'ar a 1918. Wasan da suke yi shi ne ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wanda ya fi kama da zari-ruga, domin da hannu ake ɗaukar ƙwallon a ruga da ita. Rockne ya ɗauki Ward ya zama mai aika wa jaridu labarin ƙungiyar. A 1919 da 1920 ba wanda ya ci Notre Dame ko sau ɗaya. Gwarzon ƙungiyar a lokacin, George Gipp, ya kwanta ciwo ya rasu a watan Disamba na 1920 yana da shekara 25, kuma duk wannan ya faru a gaban idon saurayin ɗan jarida.

Domin a gane nauyin wannan aiki, sai a tuna halin da Katolika suke ciki a Amurka ta wancan zamani. Ana yi musu kallon baƙi marasa amana ga ƙasa. Ƙungiyar Ku Klux Klan, mai ƙin baƙar fata da Yahudawa da Katolika, ta yi ƙarfi ƙwarai a Indiana, har a watan Mayu na 1924 aka yi arangama tsakanin 'ya'yanta da ɗaliban Notre Dame a titunan South Bend. A 1928 Al Smith, Katolika na farko da wata babbar jam'iyya ta tsayar takarar shugaban ƙasa, ya sha kaye mai tsanani. A irin wannan yanayi, duk ranar Asabar da Notre Dame ta yi nasara, leburori a masana'antu da ma'adinai, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba, sukan ji kamar an share musu hawaye. Ward ya koyi tun yana saurayi cewa wasa yana iya ɗaga kan mutanen da aka rena. Shi kansa Rockne ya shiga Ikilisiyar Katolika a 1925, ya kuma rasu a haɗarin jirgin sama a 1931.

Zuwansa Shikago

Daga Notre Dame, Ward ya koma garin Rockford a jihar Illinois a 1921, ya riƙe shafin wasanni na wata jaridar garin har shekara 4. A 1925 jaridar Chicago Tribune ta ɗauke shi aiki. Tana cikin jaridu mafi yawan masu karatu a ƙasar, kuma mai ita, Kanar Robert McCormick, mutum ne mai tsauri da ba a cika ja da shi ba. Cikin shekara 5 Ward ya hau daga teburin ƙananan ma'aikata zuwa kujerar editan wasanni. Ya hau ta a 1930, bai kuwa sauka ba sai da mutuwa ta sauke shi.

Shikago ta wancan lokaci birni ne na masana'antu da mayankar dabbobi da layukan dogo, cike da majami'un Katolika, kowace ƙabila da unguwarta da cocinta. A ƙarƙashin Kadinal George Mundelein birnin ya karɓi baƙuncin Babban Taron Yukarist na Duniya a 1926, aka yi Misa a babban filin wasa na Soldier Field a gaban ɗimbin jama'a. Wannan fili zai sake fitowa a cikin labarinmu.

Sai tattalin arziki ya karye a 1929. Bankuna suka rufe, masana'antu suka sallami ma'aikata. Zuwa 1933, kusan mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu a Amurka ba shi da aikin yi. A Shikago malaman makaranta sun yi watanni ba albashi. Filayen wasa su ma suka bushe, domin wanda bai ci abinci ba ba ya sayen tikiti.

Wasan Taurari na 1933

Wasan da Amurkawa suka fi so a lokacin shi ne besbol. Ƙungiyoyi biyu ne suke karawa, kowace da mutum tara a fili. Ɗaya yana jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, abokin karawa yana ƙoƙarin dukanta da kulki, in ya dace sai ya ruga ya zaga tashoshi huɗu kafin a dawo da ita. Manyan ƙungiyoyin ƙasar 16 ne, sun rabu rukuni biyu, American da National, takwas-takwas, kuma ba sa haɗuwa sai a ƙarshen shekara, lokacin da zakaran wannan rukuni yake karawa da zakaran wancan. Yawan 'yan kallo ya faɗo daga kimanin miliyan 10 a 1930 zuwa kimanin miliyan 6 a 1933. An rage albashin 'yan wasa. Tsofaffin 'yan wasa kuwa, waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, ba su da fansho ko kaɗan, kuma da yawansu sun shiga halin ni-'yasu.

A wannan shekara Shikago ta cika shekara 100 da kafuwa, ta kuma shirya babban bikin baje koli na duniya. Magajin gari Edward Kelly ya nemi Kanar McCormick ya samo wani babban wasa da zai jawo baƙi, Kanar kuwa ya miƙa wa editansa maganar. Shawarar da Ward ya kawo ita ce a zaɓo gwanayen rukunin American su kara da gwanayen rukunin National a wasa ɗaya, a tsakiyar kakar wasa. Ya haɗa shawarar da abubuwa biyu. Na farko, jama'a su sa hannu a zaɓen 'yan wasan ta hanyar ƙuri'un da za a buga a jaridu. Na biyu, ribar da aka samu ta shiga asusun taimakon tsofaffin 'yan wasa mabukata.

Ba kowa ya yi na'am ba. Wasu masu ƙungiyoyi sun ji tsoron a ji wa 'yan wasansu rauni a wasan da ba zai kawo musu ko kwabo ba, ga kuma fargabar ruwan sama ya ɓata ranar a tafka hasara. Ward ya fara shawo kan Will Harridge, shugaban rukunin American, daga nan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Jaridarsa ta ɗauki alkawarin biyan hasara in an yi ta, ana kuma ba da labari cewa shi da kansa ya yarda a cire daga albashinsa. Jaridu fiye da 50 a faɗin ƙasar suka buga takardar ƙuri'a, mutane kuwa suka aiko da ɗaruruwan dubbai.

Ranar 6 ga Yuli, 1933, aka yi wasan a filin Comiskey da ke kudancin Shikago, a gaban 'yan kallo fiye da 47,000. Dattawa biyu ne suka jagoranci ɓangarorin, Connie Mack da John McGraw, wanda ya riga ya yi ritaya amma ya dawo domin wannan rana ɗaya, ya kuma rasu bayan watanni 7. Gwarzon ranar shi ne Babe Ruth, mai shekara 38, wanda ake cewa ƙarfinsa ya soma ja da baya. A zagaye na uku ya daki ƙwallo ta tsallake shingen fili ta faɗa cikin 'yan kallo. Rukunin American ya ci da 4 da 2. Shi wannan Ruth, tun yana ɗan shekara 7 aka kai shi makarantar St. Mary ta yara marayu da kangararru a Baltimore, inda 'Yan'uwa na Ƙungiyar Waliyyi Francis Xavier suka rene shi, ɗaya daga cikinsu, Ɗan'uwa Matthias, ya koya masa wasan.

An shirya wasan ne domin a yi shi sau ɗaya tak. Ganin yadda ya karɓu, sai aka mai da shi na kowace shekara. Tun daga lokacin sau biyu kaɗai aka fasa shi, a 1945 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, da 2020 saboda annobar korona.

Waɗanda aka bari a waje

Akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. A cikin dukan gwanayen da suka fito a wannan rana babu baƙar fata ko ɗaya. Manyan ƙungiyoyin besbol sun rufe musu ƙofa tun ƙarshen ƙarni na 19, ba da rubutacciyar doka ba, sai da yarjejeniyar da kowa ya sani ba wanda yake furtawa. Takardar ƙuri'ar da Ward ya tsara ta bi wannan tsari yadda ta same shi. Baƙaƙen fata suna da nasu ƙungiyoyi da nasu gwanaye, kuma a watan Satumba na wannan shekara ta 1933, a wannan fili na Comiskey, suka shirya nasu wasan taurari tsakanin Gabas da Yamma, jaridunsu suka buga nasu ƙuri'u.

Sai a 1947 Jackie Robinson ya karya wannan shinge, sai kuma a 1949 aka ga baƙar fata a wasan da Ward ya ƙirƙiro, su huɗu: Robinson, Roy Campanella, Don Newcombe da Larry Doby. Shekara 16 ke nan ana kiran wasa na gwanayen ƙasa, alhali wasu daga cikin gwanayen suna bayan katanga. Mutum yana iya ganin yunwar tsohon ɗan wasa ya tausaya masa, idonsa kuma ya rufe ga zaluncin da ya saba gani kullum. Wannan ya sami Ward kamar yadda ya sami yawancin mutanen zamaninsa.

Dambe da samarin unguwa

A fagen dambe kuwa ƙofa ta fi buɗewa. Jaridar Tribune tana shirya gasar damben zamani ta samari masu koyo, wadda ake kira Golden Gloves, wato safar hannu ta zinariya. A hannun Ward gasar ta bunƙasa. Jaridun garuruwa da yawa suka riƙa shirya nasu zagaye suna aiko da zakarunsu Shikago, zakarun Shikago su kara da na Niyok, wani lokaci ma da na ƙasashen Turai. Kuɗin ƙofa yana shiga asusun agaji na jaridar.

A daidai wannan lokaci, a wannan birni, Bishop Bernard Sheil ya kafa Ƙungiyar Matasan Katolika, CYO, a 1930, sunan da ba baƙo ba ne a kunnenmu. Kafin ya zama bishop, Sheil ya yi hidimar firist a babban kurkukun birnin, ya raka samari zuwa wurin da aka zartar musu da hukuncin kisa. Abin da ya gani ya sa ya ƙudura zai tare yara tun suna kan titi, kafin 'yan daba su tare su. Ya buɗe wuraren koyon dambe, ya karɓi kowane yaro ba tare da duba launinsa ko addininsa ba. Yaran bishop suna samun horo, gasar jarida tana ba su fagen nuna abin da suka koya, shafin Ward kuma yana buga sunayensu, har uwa ta ga sunan ɗanta a jarida a kan abin alheri.

A 1934 wani saurayi baƙar fata daga Detroit, ɗan talakawa, mai suna Joe Louis, ya ci gasar Golden Gloves a Shikago. Bayan shekara 3, a filin Comiskey, ya zama zakaran duniya na ajin masu nauyi, ya kuma riƙe kambin har 1949. Bayan rasuwar Ward, a 1959 da 1960, wani yaro mai suna Cassius Clay ya ci wannan gasa a Shikago. Shi ne duniya ta sani daga baya da sunan Muhammad Ali.

Ɗalibai da ƙwararru

A 1934 Ward ya sake fito da wata dabara, a wannan karo a ƙwallon ƙafa irin na Amurka. Ya shirya a tara gwanayen ɗalibai da suka gama jami'a su kara da zakarun ƙwararru masu cin albashi. Ranar 31 ga Agusta aka yi na farko a Soldier Field, filin nan da aka yi Misa a cikinsa shekara 8 da suka wuce. Mutum 79,432 suka shiga, aka tashi ba ci tsakanin ɗaliban da ƙungiyar Chicago Bears. A wasan 1935 akwai wani ɗalibi daga Jami'ar Michigan mai suna Gerald Ford, wanda ya zama shugaban Amurka a 1974. A 1947 'yan kallo suka haura 105,000.

An ci gaba da wannan wasa har 1976. A tsawon waɗannan shekaru ya tara kimanin dala miliyan 4 domin ayyukan jinƙai a Shikago da kewayenta. Fiye da rabin waɗannan shekaru Ward yana kabari, amma rijiyar da ya haƙa ana ta ɗibar ruwa a cikinta.

Kujerar da ya ƙi da rukunin da ya kafa

Sunansa ya yi girma har masu ƙungiyoyin ƙwararru na rukunin NFL suka nemi ya bar jarida ya zama shugabansu, da albashi mai tsoka. Ya ƙi, ya zauna a teburinsa. A 1941 aka ba Elmer Layden kujerar, ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan wasan Rockne. Amma bayan 'yan shekaru, da masu NFL suka ƙi buɗe ƙofa ga sababbin ƙungiyoyi, Ward ya tara attajirai a birnin St. Louis a watan Yuni na 1944, suka kafa sabon rukuni mai suna AAFC domin ya yi gogayya da tsohon. Aka fara wasa a 1946 da ƙungiyoyi takwas.

A nan sakamakon ya zo gauraye. Rukunin ya yi shekara 4 kawai, masu kuɗi da yawa suka yi hasara, ƙungiyar Shikago ma tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. A 1950 ƙungiyoyi uku suka shiga NFL, sauran suka watse. Biyu daga cikinsu, Cleveland Browns da San Francisco 49ers, suna nan har yau. A cikin wannan rukuni ne kuma, a 1946, mai horar da 'yan wasan Cleveland, Paul Brown, ya ɗauki baƙar fata biyu, Marion Motley da Bill Willis, shekara guda kafin Jackie Robinson. Yabon wannan na Brown ne, ko da yake a rumfar da Ward ya kafa aka yi shi.

Masu suka sun sami abin faɗi, kuma maganarsu tana da tushe. Aikin ɗan jarida shi ne ya ba da labari tsakani da Allah. To, yaya mutum zai yi adalci wajen ba da labarin wasan da shi ne ya shirya shi, ko rukunin da shi ne ya kafa shi? Shafin Tribune yakan cika da yabon abin da editansa ya ƙirƙiro. Thomas Littlewood, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1990, ya bayyana shi a matsayin gwanin shirya taro da tallata shi, fiye da gwanin alƙalami. Daga 1937 Ward ya riƙe wani sanannen fili na kullum a jaridar, wanda masu karatu suke cika wani sashe nasa da 'yan gajerun saƙonni da barkwanci, ya kuma wallafa littattafai uku a kan wasanni. Duk da haka ba da rubutu ake tuna shi ba.

Magidanci

A farkon shekarun 1920, tun yana ƙaramin ma'aikaci mai ɗan albashi, Ward ya yi aure, Allah kuma ya ba su 'ya'ya biyu. Shi da matarsa sun zauna tare fiye da shekara 30, har mutuwa ta raba su, kamar yadda suka yi alkawari a gaban bagade.

Wanda ya san aikin jaridar safe ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da dare ake haɗa ta. Wasanni kuma a ranakun hutu ake yin su, lokacin da sauran magidanta suke gida da iyalinsu. Ga tafiye-tafiye a jirgin ƙasa daga wannan birni zuwa wancan, ga liyafa, ga attajirai da 'yan caca da masu neman a ambaci sunansu, kowa yana miƙo hannu da fara'a. Gidaje da yawa sun rushe a kan wannan hanya. Nasa ya tsaya. Ya riƙe bangaskiyar da firistocin Dubuque suka rene shi a cikinta, kuma duk ƙasar ta san shi a matsayin ɗan Katolika mai ƙaunar Notre Dame, har abokan hamayyar jami'ar sukan yi gunaguni a kan haka.

Idan aka dubi ayyukansa a jere, za a ga inuwar yaron nan da ya tashi ba uba. Asusun tsofaffin 'yan wasa, gasar samarin unguwa, kuɗin agaji na kowace shekara, dukansu sun shafi mutanen da ba su da wanda zai tsaya musu. Shi ma wasu ne suka tsaya masa.

Rasuwarsa

A watan Afrilu na 1955 Kanar McCormick ya rasu. Bayan wata uku, ranar 9 ga Yuli, Arch Ward ya rasu cikin barci a gidansa a Shikago, yana da shekara 58. Saura kwana uku ke nan a yi Wasan Taurari na wannan shekara a Milwaukee, birnin da ke arewa da Shikago, tafiyar da ba ta kai kilomita 150 ba.

Aka yi jana'izarsa ranar 12 ga Yuli, ranar wasan. Da safe shugabannin wasanni suka taru a Shikago suka yi masa addu'a, da rana aka buga wasan da ya ƙirƙiro. Rukunin National, wanda aka fara ci 5 ba ko ɗaya, ya farfaɗo ya rama, aka shiga ƙarin lokaci, har a zagaye na 12 Stan Musial, ɗan wani lebura da ya yi ƙaura daga Folan, ya daki ƙwallo ta fita fili, aka tashi 6 da 5. A 1962 aka fara ba da lambar yabo ga ɗan wasan da ya fi kowa a Wasan Taurari, aka sa mata sunan Arch Ward. Ta ɗauki sunansa har 1969, sa'an nan daga 1985 zuwa 2001.

Abin da ya bari

Ubangijinmu ya ba da misalin bayin da maigidansu ya damƙa wa talanti, kowa gwargwadon ƙarfinsa, ya dawo ya nemi lissafi. Talantin Arch Ward shi ne iya tara jama'a. Ana iya amfani da wannan baiwa a cika aljihu, ana kuma iya amfani da ita a tayar da fitina. Shi ya tara mutane su yi murna, kuma tun kafin a buɗe ƙofar fili ya riga ya yanke inda kuɗin zai tafi. Inda ya gaza, wato shirun da ya yi a kan waɗanda aka hana shiga, da kuma haɗa aikin mai ba da labari da na mai talla, shi ma abin lura ne gare mu.

A cikinmu akwai masu shirya gasar ƙwallo ta matasa, da masu tara gudummawa a bikin girbi, da masu riƙe littafin kuɗi na zumunta. Ga iyaye kuma da suke fita tun asuba neman abinci, su dawo bayan yara sun yi barci. Tambayoyin da rayuwar wannan mutum take bar mana masu sauƙin faɗi ne. Idan taro ya watse, wa ya amfana? Wa muka bari a bayan katanga ba mu lura ba? Kuma idan mun gama hidimar waje, wane irin mutum ne yake shiga gida?

Allah ya ba bawansa Arch Ward hutawa ta har abada, ya haskaka masa da haskensa marar ƙarewa. Amin.